Fashin baƙi: Wai duk talabijin mai ƙusumbi ɗaya ce? Bambancin tsohuwar kwalba da sabuwa

Shin talabijin mai ƙusumbin nan da muka taso muna kallo duk abu ɗaya ce, ko a cikinta ma akwai tsohon yayi da sabon yayi? Zancen ya ƙara tasowa ne tun ƙarshen 2024, da wani bidiyo ya karaɗe YouTube ana nuna yadda aka sauko da wata jibgegiyar talabijin ta Sony, PVM-4300, daga saman benen wani gidan abinci a Osaka ta ƙasar Japan ana gab da rushe ginin, aka yi jigilarta har Amurka. Fuskarta inci 43, nauyinta wajen kilo 200, kuma lokacin da ta fito a 1989 dala 40,000 aka sa mata. Wasu suka ce a kan wannan tarkacen ake wannan wahala, abin da 'yan gwangwan ke saye a kilo? Wasu kuma suka koma tsohuwar jita-jitar nan wai akwai jan makyuri a cikin tsoffin talabijin, wanda ƙarya ce tsagwaronta, babu shi a talabijin babu shi a keken ɗinki.

Abin da ba a cika sani ba shi ne, wadda mu muke kira tsohuwa ɗin nan, a tarihin kwalbar kala ita ce sabuwa. Ainihin tsohuwar da yawanmu ba mu taɓa ganinta ba ma.

Me ke cikin kwalbar tukuna

Kwalbar gilashi ce da aka zuƙe iskar cikinta kaf. Can baya a wuyanta akwai abin da ake kira bindiga, ana ɗumama ta da ɗan hita sai ta riƙa feso ilektiron, wutar da ta kai bolt 25,000 kuma ta fizge su zuwa gaba su daki fuskar gilashin, wadda aka shafe ta ciki da hodar fosfo mai bada haske idan an dake ta. A wuyan akwai naɗin wayar tagulla, masu gyara suna ce masa yok, shi ke karkatar da feshin hagu zuwa dama, sama zuwa ƙasa, layi bayan layi da saurin da ido ba ya kamawa.

Idan baƙi da fari ce shi ke nan an gama, bindiga ɗaya, fosfo iri ɗaya. Kala ce ta zo da rigima. Ana buƙatar feshi uku, na ja, na kore, na shuɗi, kuma ilektiron ɗin kansa fa ba shi da kala, kalar tana jikin fosfon da ya daka ne. To ka ga dole a tabbatar feshin ja ya sauka kan fosfon ja kaɗai, kada ya taɓa na kore ko kaɗan, sannan dole dukkan ukun su haɗu wuri guda a kowane lungu na fuskar, tsakiya da gefe da kusurwa. Na farkon shi ne tsaftar kala, na biyun haɗuwar kala. Duk wani sauyi da aka yi wa kwalbar nan cikin shekara hamsin, idan ka bi diddigi, kan waɗannan biyun yake komawa, sai kuma neman ƙarin haske.

Tsohon yayi: bindigogi uku a kusurwa uku

Kamfanin RCA na Amurka ne ya fara fito da hanyar da ta yi aiki a kasuwa. An amince da tsarin kala na NTSC a watan Disamban 1953, a 1954 kuma RCA ta fito da CT-100 a kan dala 1,000, mai kwalba inci 15. Dabarar ita ce a jera bindigogi uku a wuya kamar duwatsun murhu, ana kiran wannan jeri delta, sannan a ɗan bayan fuskar gilashin a kafa ragar ƙarfe siririya mai huji zagayayyu dubbai ɗaruruwa. Fosfon kuma ɗigo-ɗigo ne, uku uku, ja da kore da shuɗi a bayan kowane huji. Tunda kowace bindiga ta kusurwarta take leƙo hujin, ɗigon kalarta kawai take iya gani, sauran biyun raga ta kare su.

Dabara ce mai kyau amma tana da tsada ta wajen haske, don ragar nan tana tare wajen kashi 80 cikin ɗari na ilektiron ɗin, ba sa ma isa fuskar. Shi ya sa talabijin masu kala na farko dishi-dishi suke, sai an ja labule. Kuma wanda raga ta tare ba ɓacewa yake ba, zafi yake zama, ƙarfen ya buɗe ya ɗan kumburo, hujin ya goce, sai ka ga inda ya kamata ya zama fari tas ya soma rinewa. Kwalaben farko ma zagayayyu ne, fitacciyar cikinsu mai inci 21, ana rufe sama da ƙasa da firem don hoton ya yi kama da mai kusurwa huɗu, kuma doguwa ce sosai ta baya saboda digiri 70 kawai feshin ke iya buɗewa.

Amma babban ciwon kan delta haɗuwar kala ce. Bindigogin uku ba sa kan layi ɗaya, kowace daga inda take harbi hotonta na karkacewa ta fuska daban, in ka daidaita tsakiya sai gefe ya watse, ka ga farin rubutu da inuwar ja a sama da inuwar shuɗi a ƙasa. Maganin da aka yi shi ne a ƙara wasu naɗin waya da maganaɗisu a wuyan, a haɗa su da wani allo na musamman mai maɓallan murɗawa goma sha wani abu, kuma abin haushin in ka taɓa wannan sai wancan ya goce. Mai gyara sai ya zo har gida da na'urar da ke zana layukan dara a fuskar, ya kafa madubi a gaba don ya riƙa hango hoton yana murɗawa ta baya, wani lokaci a shafe awa ana abu ɗaya. In aka matsar da talabijin ɗin daga wannan bango zuwa wancan, maganaɗisun ƙasa kaɗai ya isa ya ɓata tsaftar kalar, a sake kiransa ya zo da zoben waya ya wanke maganaɗisun da ya kama ragar. Wato sayen talabijin mai kala a Amurka ta shekarun 1950 kusan sayen abota ne da mai gyara.

Facin shekarun 1960

Kafin a canja ƙirar gaba ɗaya an yi ta faci, kuma wasu facin sun yi tasiri sosai. Fosfon ja shi ne mafi rauni, har sai an rage ƙarfin kore da shuɗi don su yi daidai da shi, sai a 1964 kamfanin Sylvania ya fito da sabon ja mai sinadarin yurofiyam, hoto ya ƙara haske nan take. Kwalba ta koma mai kusurwa huɗu, buɗewa ta kai digiri 90, aka sa naɗin waya da ke wanke maganaɗisun raga da kansa duk sanda aka kunna. A 1969 Zenith ta kawo Chromacolor, inda aka zagaye kowane ɗigon fosfo da baƙi, wannan baƙin yana shanye hasken ɗaki maimakon ya mayar da shi ido, don haka ba sai an yi gilashin fuskar da duhu sosai ba. Duk da haka bindigogin suna nan a jerin delta, allon murɗe-murɗen ma yana nan.

Sony ta bi ta wata hanyar

Labarin Sony ya soma ne da asara. Sun ɗauko wata ƙira mai suna Chromatron ta masanin nan Ernest Lawrence na Amurka, wanda ya ci kyautar Nobel, hotonta akwai haske amma ƙera ta ya gagara, kwalabe kaɗan ne ke fitowa lafiya daga masana'anta, kuɗi na ta zurarewa. Masaru Ibuka, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin, ya ƙi yarda su haƙura su karɓi lasisin RCA kamar kowa. A watan Oktoban 1968 suka fito da Trinitron, samfurin KV-1310 mai inci 13.

Abu uku suka canja lokaci guda. Maɓuɓɓugan feshin uku an jera su a layi ɗaya a kwance cikin bindiga guda, duka suna bi ta babban lens ɗaya na lantarki, wanda ke sa ɗigon ya fito siriri. Fosfo ya tashi daga ɗigo ya koma zane-zane a tsaye daga sama har ƙasa. Raga mai huji kuma aka jefar da ita, aka sa siraran tsirkiyoyin ƙarfe a tsaye da aka ɗaure tamau a jikin firem mai nauyi. Tunda babu ƙarfen da ya gitta tsakani, ilektiron da yawa na wucewa, hoto ya fi haske. Shi ya sa fuskar Trinitron ta daban ce, a lanƙwashe take hagu zuwa dama amma sama zuwa ƙasa miƙe take sak.

Tana da nata aibun. Firem ɗin na ƙara nauyi, duk wanda ya taɓa ɗaukar Sony inci 29 ya san zancen. Tsirkiyoyin kuma suna rawa in aka bugi akwatin ko sauti ya yi ƙarfi, don haka aka gitta musu wata waya siririya, ɗaya a ƙananan kwalabe biyu a manya, kuma in ka ƙura ido kan farin hoto za ka ga inuwarta. Mutane da yawa sun zaci lalacewa ce, alhali haka aka ƙera ta. A 1973 Trinitron ta samu kyautar Emmy ta harkar talabijin a Amurka, kuma Sony ta riƙe haƙƙin mallakar ƙirar har 1996, Mitsubishi ma ta yi irinta da sunan Diamondtron.

Sabon yayi: aka kwashe aikin mai gyara aka kai masana'anta

Nan ne ainihin canjin da ya shafi kowa, don yawancin talabijin ɗin duniya ba Sony ba ne. General Electric ta riga ta gwada jera bindigogi a layi ɗaya a ƙaramar Porta-Color ta 1966, amma a 1972 ne RCA ta haɗa abin ya cika da kwalbar da ta kira Precision In-Line, Philips kuma ta biyo da 20AX sannan 30AX a Turai. An ci gaba da amfani da raga, sai dai hujin ya koma dogo a tsaye mai 'yan gadoji tsakani don ragar ta riƙe siffarta, fosfo kuma zane a tsaye irin na Sony.

Ga inda wayon yake. In bindigogi uku suna layi ɗaya, kore a tsakiya, ja da shuɗi a gefe da gefe, kuskuren haɗuwar ya zama mai tsari, abin da ja ya yi a hagu shi shuɗi zai yi a dama. To sai injiniyoyi suka ce maimakon a bar kuskure ya faru sannan a bi shi da allon gyara, a naɗa yok ɗin ta yadda ƙarfin maganaɗisunsa ba daidai yake ko'ina ba da gangan, ta yadda shi da kansa zai tattaro feshin uku wuri ɗaya yayin da yake karkatar da su. A masana'anta ake saita yok da kwalbarsa, a soka 'yan robobi a tokare shi, a manne da gam, 'yan zobban maganaɗisun da ke wuya ma a saita su a ɗiga musu fenti. Allon nan mai maɓallai goma sha wani abu ya ɓace ɗungurungum. Zanen tsaye kuma ya kawo wata riba, in feshi ya ɗan goce sama ko ƙasa kan kalarsa dai zai sauka, gocewar hagu da dama ce kawai abin damuwa, wato rabin matsalar tsaftar kala ta tafi.

Wuyan ma ya rage kauri, daga milimita 36.5 na delta zuwa 29.1, daga baya har 22.5 a ƙanana. Ba ado ba ne, in wuya ya sirance yok ya fi kusa da feshin, wutar da yake ci ta ragu. Manyan kwalabe suka koma digiri 110, ƙusumbin ya ragu. Farashi ya sauko, kuma talabijin ta zama abin da za ka saya a kwali ka kai gida ka kunna ba tare da kowa ya zo ya saita maka ba. Ni a ganina wannan ya fi Trinitron muhimmanci ko da yake Trinitron ce ta kwashe suna.

Ba kyauta aka samu ba dai. Wannan murɗaɗɗen maganaɗisun na yok yana ɓata siffar ɗigon a kusurwoyi, ya ɗan baje, shi ya sa a talabijin mai araha rubutun da ke can lungu bai kai na tsakiya fita ba, sai a masu tsada aka ƙara da'irar da ke canja fokas yayin da feshi ke tafiya. Allon kwamfuta kuma, da yake rubutu ƙanana ake karantawa, da yawansu sun ci gaba da ɗigo-ɗigo masu tazarar kamar milimita 0.28 amma da bindigogi a layi, yayin da tazarar talabijin ta gida ta ninka haka sau biyu ko fiye. Saboda haka ganin ɗigo a fuska ba ya nufin delta ce.

Na ƙarshe-ƙarshe

Daga shekarun 1980 zuwa sama gyaran fuska aka fi yi. Kusurwoyi suka ƙara fitowa, ragar manyan kwalabe aka koma yin ta da inba, wani haɗin ƙarfe da nikel kashi 36 wanda zafi ba ya buɗa shi sosai, sannan a ƙarshen shekarun 1990 fuska ta miƙe sumul, Sony da WEGA, sauran kamfanoni kowa da tasa. Miƙaƙƙiyar fuska tana buƙatar gilashi mai kauri don ta jure matsin iskar waje, shi ya sa na ƙarshen nan suka fi kowa nauyi. A 2008 Sony ta daina ƙera Trinitron.

To wacce ta fi

Ya danganta da wanda ka tambaya. Masu tara kayan tarihi a Amurka suna son zagayayyun nan na delta, hujjarsu komai a buɗe yake, komai ana iya murɗawa a gyara. Gaskiya ne, amma ai dole ce ta sa, abin da ba ya zama daidai shi ake ta murɗawa. Inda nake ba su gaskiya shi ne sabuwar in raga ta goce don an yar da ita ƙasa, ko an fasa saitin yok, gyaran na da wuya ƙwarai, sau da yawa sai dai canjin kwalba.

Masu wasan gem kuma, waɗanda su ne suka tayar da farashin a Turai da Amurka, rigimarsu tsakanin Trinitron ce da mai dogon huji. Wasu na son kaifin Sony da haskenta, wasu na cewa wasannin da aka zana don talabijin ta gida sun fi kyau a mai raga don tana ɗan tausasa hoton. Abin da suka haɗu a kai shi ne kwalba ba ta jinkiri, sigina na shigowa tana zana shi, kuma bindigar wasan harbin agwagwa ta Nintendo ba ta aiki a filasma ko LED sam. Sai dai su ɗin ma suna gudun wasu na ƙarshe, irin masu 100Hz da aka yi ta sayarwa a Turai, don waɗannan sai sun tara hoton sun sarrafa shi kafin su nuna, jinkiri ya shigo. Ka ga ba kullum na baya-bayan ne ya fi ba.

Mu kuma ina abin ya shafe mu

Talabijin mai kala ta fara a Najeriya ne a tsakiyar shekarun 1970 a tashar Jos, lokacin kuwa masu bindiga a layi sun riga sun shigo kasuwa, don haka National da Sharp da Philips da Sony ɗin gidajenmu, da 'yan Beljiyam da suka cika kasuwa daga baya, kusan dukansu sabon yayi ne. In kana da ɗaya ka matsa kusa da farin hoto ka duba, zane a tsaye mara yankewa Trinitron ce ko irinta, 'yan sanduna gajeru a jere mai dogon huji ce.

Akwai laifuffukan da ake ɗora wa kwalba ba nata ba. Talabijin ta nuna baƙi da fari bayan an tsallaka da ita iyaka, wannan bambancin tsarin kala ne na wancan zamanin, Najeriya PAL, Nijar da Faransa SECAM, Amurka NTSC, aikin allon ciki ne. Tabon shuɗi ko kore a kusurwa kuma yawanci ƙatuwar sifika ce aka jingina mata, maganaɗisun ya kama raga. A janye sifikar, a kashe talabijin ɗin daga soket kamar minti ashirin, a sake kunnawa, wannan ƙarar "dumm" da take yi ita ce wankin. In ba ta yin ƙarar kwata-kwata to wani ɗan ƙaramin abu ne mai suna fosista ya mutu, ba shi da tsada, kada a ce maka kwalba ce.

Maganar da iyaye ke yi ta kada a zauna kusa da talabijin ma tana da asali. A 1967 General Electric ta janye dubban talabijin masu kala a Amurka saboda suna fitar da hasken eksire fiye da kima, shekara ɗaya bayan haka aka yi doka a kai, aka kuma ƙara tsaurara gilashi. Gilashin baya mai siffar mazurari ana zuba masa dalma mai yawa, na fuska kuma bariyam da sitirontiyam, don mai dalma yana rinewa ya yi ruwan ƙasa in ilektiron na dukansa. A wajen kallo wannan kariya ce, a wajen fasawa kuma guba. Babbar kwalba guda na iya ɗauke da dalma fiye da kilo ɗaya, kuma masu fasa ta don cire tagullar yok, yawancinsu yara matasa, a nan suke barin gilashin ya farfashe cikin ƙasa kusa da gidaje da rijiyoyi, ga hodar fosfo suna shaƙa. Ƙarfen nan da ya zagaye bakin fuskar shi ke hana kwalbar tarwatsewa in ta fashe, ba a cire shi matuƙar ba a saki iska ta shiga ba, sannan ƙarƙashin robar nan mai jan waya da ke manne a bayanta wuta na iya zama kwana da kwanaki bayan an zare soket.